Su fara gyara na ƙasa ko su ci gaba da sako sabon babi?

Mai_Garkuwa:
Salamu alaikum 'yan gida. Na ga sanarwar sabon babin da kamfanin wasanmu na intanet zai sako, wato ƙarin wasan da ake saye daban, da sabuwar nahiya da ƙarin matakai da dawakai masu fiffike, na kuma ga yadda aka cika nan da murna. Ku yi haƙuri, ni ban taya ku ba. Tun facin da ya wuce, wato sabuntawar ƙarshe da aka yi wa wasan, dodon ƙarshe na kogon ƙasa yake shigewa cikin bango idan jininsa ya kusa ƙarewa, ya maƙale can ba a iya dukansa, sai an fita an sake daga farko. A kasuwa ka sayar da kaya, kuɗin ya ƙi zuwa. Garkuwata an rubuta tana tare kaso kaza na duka, amma duk wanda ya duba lissafin faɗa ya san ba ta tarewa. An kai ƙorafi, shiru kake ji. Yanzu kuma a ce mu kawo kuɗi mu sayi sabon babi? Ra'ayina shi ne su dakatar da duk wani sabon abu, ko da na shekara guda ne, su zauna su gyara abin da ke ƙasa. Wa ke tare da ni?

Kibiya_07:
Wa alaikumus salam. Yaya, haka ka ce a babin da ya wuce, ranar farko kuma kai na fara gani a layi 😂

Mai_Garkuwa:
@Kibiya_07 wancan daban, wannan daban. Amsa tambayar kawai.

Zakanya:
Maganar dodon nan gaskiya ce, kuma ta fi yi wa masu jagorantar runduna ciwo. Kafin ka haɗa mutum ashirin a lokaci guda, wannan yana wurin aiki, wannan yaro ya hana ta zama, wannan intanet ɗinsa na yankewa, ka sha wahala. A haɗu, a kai dodo gargara, ya shige bango. Ni da nake warkarwa ƙarfina ya ƙare, magungunan da muka tara sun tafi a banza, kowa ya kashe kwamfuta ransa a ɓace. Mako na gaba uku ba su zo ba.

Amma ɗan'uwa, shekara guda ba sabon abu? Wallahi rundunar ma ba za ta kai labari ba. Ka duba World of Warcraft: an buɗe farmakin Siege of Orgrimmar, wato wurin da runduna ke haɗuwa ta yaƙi manyan dodanni, a Satumbar 2013, ba a samu sabon babi ba sai Nuwambar 2014. Wata goma sha huɗu ana kashe dodo ɗaya. Har yau 'yan wasan suna ambaton wannan dogon jiran a matsayin lokacin da rundunoni suka watse. Tangarɗa tana ɓata rai, amma rashin abin yi shi ke korar mutane.

Injiniya_B:
Bari in sa baki, tunda rubuta manhaja ce sana'ata, ko da yake ba ta wasa ba. Akwai abin da muke yawan ruɗewa a kai. Masu zana sabuwar nahiya, masu rubuta labari, masu haɗa kiɗa da muryoyi, ba su ne masu gyara tangarɗa ba. Ko ka dakatar da babin, mai zanen duwatsu ba zai iya gano dalilin da ya sa dodo ke ratsa bango ba. Sai dai ya zauna yana karɓar albashi, ko a sallame shi.

Na biyu, kafin a gyara matsala sai an iya maimaita ta a gaban ido. Idan dodon nan yana shiga bango sau ɗaya cikin shiga da yawa, kuma sai an yi masa wani irin duka daidai lokacin da yake juyawa, mai gyara zai iya kwana yana gwadawa bai gan ta ba. Shi ya sa ƙorafin "wasa ya lalace, ku gyara" ba ya amfanar kowa. Rubuta inda kake tsaye, makamin da ke hannunka, dabarar da ka yi kafin abin ya faru, ka haɗa da bidiyo.

Na uku, wasan da ya daɗe, rubutunsa ya sarƙe. Ka taɓa lissafin garkuwa a nan, sai ka ga tukunyar dafa magani ta daina aiki a can, domin shekaru da suka wuce wani ya ɗora su a kan lamba ɗaya, kuma ya daɗe da barin kamfanin.

Mai_Garkuwa:
@Injiniya_B na ji, Malam. To su ƙara ɗaukar masu gyaran mana. Kuɗin watan da muke biya ina yake tafiya?

Injiniya_B:
Wannan tambayar kam tana kan hanya, ban kare su a nan ba. Sai dai sabon ma'aikaci yakan ɗauki watanni kafin ya gane kan rubutun da ya tarar, kuma tsofaffin ne za su bar aikinsu su koya masa.

Tsohon_Hannu:
Yaran yanzu kun ga tangarɗa kuwa? Dodo ya shiga bango har ya zama abin kuka? A Satumbar 2005 kamfanin Blizzard ya buɗe farmakin Zul'Gurub a wasansa World of Warcraft. Dodon ƙarshe, Hakkar, yana da wata cuta da yake sa wa mutane mai suna Corrupted Blood, tana cin jini tana kuma tsallakawa kan wanda ke kusa. An tsara ta ne ta tsaya cikin farmakin. Abin da ba a lura da shi ba, dabbar maharbi idan ta kamu, ya sallame ta, sannan ya sake kiranta a cikin gari, da cutar take dawowa. Nan take manyan birane irin su Ironforge da Orgrimmar suka cika da gawarwaki. Ƙananan matakai suna kamuwa suna faɗuwa. Masu shago na cikin wasan, waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, suna ɗauke da cutar ba sa mutuwa, suna ta yaɗa ta. Masu warkarwa wasu suka tsaya suna ceto, wasu suka gudu daji, wasu kuma 'yan mugunta suka riƙa shiga taro da gangan. Har masana annoba na gaske suka yi rubutu a kan yadda mutane suka yi a lokacin, a 2007.

Kibiya_07:
Baba, na ji an ce wannan da gangan kamfanin ya yi don talla.

Tsohon_Hannu:
@Kibiya_07 ka haɗa biyu ne. Ta 2005 kuskure ce tsantsa. Wadda aka shirya da gangan ita ce annobar gawarwaki masu tafiya ta Oktoban 2008, gab da fitowar babin Wrath of the Lich King. Ita ma an yi ta ƙorafi a kanta.

Shiru_Shiru:
Duk wannan da sauƙi, a cikin wasa ya tsaya. A Disambar 2007 wani facin wasan EVE Online, na babin Trinity, ya goge fayil ɗin boot.ini, wanda kwamfuta ke buƙata don ta tashi, a kwamfutocin wasu masu Windows XP. Ka kashe kwamfuta, ta ƙi tashi.

Zakanya:
Innalillahi. To mu gode wa Allah da bangonmu.

Mai_Garkuwa:
Kun ga abin da nake faɗa. Ana maganar matsalar yau, an koma tarihin annoba. Don wani ya fi ni shan wahala a 2005 ba shi ne zai sa garkuwata ta yi aiki ba.

Dillalin_Zinare:
Ni fa in gaya muku gaskiya, ba kowace tangarɗa nake so a gyara ba. Makon da aka samu kuskure a farashin wani mai shago, ana saye a wurinsa da arha a sayar wa na gefensa da tsada, na cika jaka. Ban sa wata manhajar sata ba, ban taɓa akawun ɗin kowa ba. Abin da wasan ya ba ni dama na yi. Idan laifi ne, nasu ne da ba su duba ba.

Zakanya:
@Dillalin_Zinare ashe kai ne. Ka san me ya biyo baya? Zinare ya cika gari, farashin ganyen magani ya tashi, mu da ke tsinka da hannu muna sayen sauran ba mu iya sayen komai ba. Kuɗin da ka ƙirƙiro daga iska daga aljihunmu ya fita, ko ba ka taɓa mu ba.

Dillalin_Zinare:
Hajiya, ba ni kaɗai ba ne. Rabin 'yan sabarmu, wato kwamfutar kamfanin da ke riƙe da duniyar wasanmu, sun yi.

Shiru_Shiru:
Hujjar "wasan ne ya ba ni dama" ba ta taɓa ceton kowa ba. Ranar 6 ga Yunin 2006 a RuneScape, wani ya yi walima a gidansa na cikin wasa, cunkoso ya sa aka fitar da mutane waje, sai wasu suka ga ikon dukan mutane da suke da shi a filin faɗan gidan ya biyo su har cikin gari. Suka shiga Falador suna karkashe mutanen da ba su da damar ramawa, suna kwashe kayansu. Su ma wasan ne ya ba su dama. Jagex, mai wasan, ta rufe akawun ɗinsu.

Injiniya_B:
Abin da ya fi rufe akawun zafi shi ne mayar da saba baya, domin shi ba ya bambance mai laifi da marar laifi. A 2018 Old School RuneScape, wato tsohon salon RuneScape, ta samu tangarɗar da ta riƙa ba wasu kuɗi har 2,147,483,647 a lokaci guda, wato iyakar lambar da ma'ajin kuɗin wasan zai iya riƙewa. Dole aka kashe wasan aka mayar da komai yadda yake kafin facin. Wanda ya samu abu mai wuyar samu a tsakanin da guminsa, shi ma ya rasa. Don haka @Dillalin_Zinare, ranar da irin taka ta yi yawa, kowa ne zai biya.

Sarkin_Gida:
Tunatarwa: a yi muhawara, amma kada wanda ya rubuta yadda ake cin gajiyar wata tangarɗa da ke aiki yanzu. Duk wanda ya yi zan goge. Wanda ya gano wata ya tura wa kamfanin kai tsaye.

Baƙo_Sabo:
Ku gafarce ni, ni sabo ne, ban daɗe da kai matakin ƙarshe ba. Da gaske ne idan babin ya fito sulken da nake ta wahalar tarawa zai zama banza? In haka ne in daina tun yanzu.

Kibiya_07:
Da gaske ne. Ɓeran farko da za ka kashe a sabuwar nahiya zai jefo maka wanda ya fi shi 😭

Tsohon_Hannu:
@Baƙo_Sabo ɗana, Kibiya ya ƙara gishiri amma bai yi ƙarya ba. Haka tsarin yake tun da daɗewa. Da babin The Burning Crusade na World of Warcraft ya fito a 2007, mutanen da suka yi watanni suna farmaki sun ga kayan ayyukan farko na sabon yanki suna kamo nasu. An yi kuka sosai. Dalilin kamfanoni shi ne, in ba a daidaita kowa ba, wanda ya fara yau ba zai taɓa kamo wanda ya fara shekara biyar da suka wuce ba, kuma wasan da ba ya samun sababbi mutuwa yake yi. Illarsa kuwa lambobi suna ta kumbura, har a kai inda duka ɗaya miliyoyi ne, ba wanda ke gane komai. Shi ya sa a 2020 Blizzard ta matse matakai, wanda ke 120 ya wayi gari a 50.

Shawarata: kada ka kashe kanka a kan ƙarfin sulke yanzu. Nemi abin da ba ya tsufa, abin hawa, kamannin kaya, laƙabi, sana'a. Ka kuma koyi faɗan da kyau, wannan ba facin da zai ƙwace maka shi.

Baƙo_Sabo:
Na gode Baba. To ni kenan babin alheri ne gare ni, tunda yanzu ba rundunar da ke ɗaukata, kowa sai ya ce kayana ba su kai ba.

Zakanya:
@Baƙo_Sabo ka yi mini magana ta akwati, muna neman mai harbi daga nesa. @Mai_Garkuwa ka ji ko? Shekarar da kake so a tsaya, irin wannan bawan Allah a waje zai yi ta.

Mai_Garkuwa:
'Yar'uwa, ban ƙi ta taki ba. Amma ina da misali, kuma ba ƙarami ba. Final Fantasy XIV ya fito a 2010 a lalace. Square Enix, mai wasan, ta nemi afuwa, ta sauya shugabanni, ta ba Naoki Yoshida ragama, ta daɗe ba ta karɓar kuɗin wata. A Nuwambar 2012 suka kashe sabobin gaba ɗaya, har suka sa ƙarshen duniyar cikin labarin, da jan watan nan Dalamud da ya faɗo. Agustan 2013 suka dawo da shi sabo da sunan A Realm Reborn. Yau yana cikin manyan wasanni irinsa a duniya. Ba sabon babi suka ɗora a kan ruɓaɓɓen tushe ba, tushen suka tona. Me ya sa namu ba zai iya ko kwatar wannan ba?

Injiniya_B:
Misalin yana da kyau amma bai zauna daidai a kan namu ba. Wancan wasa ne da ya riga ya faɗi, ba abin da za su rasa, sunan Final Fantasy suke ceto, kuma kamfanin yana da wasu wasannin da ke kawo kuɗi. Sannan ba tsayawa suka yi cak ba, suna yi wa tsohon faci suna ƙara masa labari yayin da ake gina sabon a gefe. Aiki biyu suka yi, da tsadar biyu. Kuma gyaran bai raba su da matsala ba: da babin Endwalker ya fito a Disambar 2021 layin shiga ya kai dubbai, mutum ya yi sa'o'i yana jira saƙon kuskure mai lamba 2002 ya jefo shi waje. Har sai da suka dakatar da sayar da wasan na ɗan lokaci, domin ƙarancin kayan lantarki na lokacin ya hana su ƙara sabobi da wuri.

Mai_Garkuwa:
Amma sun fito sun yi bayani, sun ba mutane kwanakin wasa kyauta, sun daina karɓar kuɗin sababbi. Mu ko "mun ji" ba a ce mana ba.

Zakanya:
Nan kam ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni ba gyaran ne ma ya fi damuna ba, shirun ne. Su fitar da jerin matsalolin da suka sani, su ce wannan muna kai, wannan sai faci na gaba, wannan ba mu gano ta ba tukuna. Da na san dodon nan ba zai gyaru wannan watan ba, da na kai mutanena wani kogon.

Shiru_Shiru:
Abin da Mai_Garkuwa ke nema an taɓa gwada ƙaraminsa, ko da yake a wasan harbi ne. A 2017 Ubisoft ta ɗage sabon abun kaka guda na Rainbow Six Siege, ta kira shi Operation Health, wata uku na gyara kawai. Waɗanda suka yi ta kukan a gyara, da yawansu su ne suka koma kukan ba sabon abu.

Kibiya_07:
Mu kenan 😂 A ba mu mu yi kuka, a hana mu mu yi kuka.

Alƙalin_Wasa:
Na karanta duka. Maganin wannan rigima a wurina shi ne ƙuri'a. Old School RuneScape ta samo asali ne daga fushin 'yan wasa, bayan Jagex ta sauya tsarin faɗa gaba ɗaya a 2012. Aka nemi a dawo da tsohon, sama da mutum 400,000 suka kaɗa ƙuri'a, a Fabrairun 2013 aka buɗe shi daga wani kwafi na 2007 da aka adana. Tun daga nan sabon abu ba ya shiga sai ya samu rinjaye mai yawa, da kashi 75 cikin ɗari ne, daga baya aka rage zuwa 70. Da muna da irin wannan, sai a tambaye mu kawai: gyara ko babi? A ƙirga, a wuce wurin.

Dillalin_Zinare:
Wa zai kaɗa ƙuri'ar a rage ƙarfin makaminsa? Ni dai ba zan yi ba.

Injiniya_B:
Shi ya sa su ma can ba komai ake kaiwa ƙuri'a ba. Abin da ya shafi daidaita ƙarfi da lafiyar wasan kamfanin ke yankewa da kansa, kuma a kan wannan ma ana faɗa. Ɗan wasa ya ƙware wajen sanin inda ke masa ciwo, amma maganin da yake rubutawa sau da yawa na kansa ne kawai.

Tsohon_Hannu:
Malam Injiniya, a yi hattara da wannan maganar, kamfanoni suna fakewa da ita. A BlizzCon, taron Blizzard, na 2013 an tambayi J. Allen Brack, ɗaya daga cikin manyan masu kula da World of Warcraft, ko za a buɗe sabobin tsohon wasan, ya ce wa mutane suna zaton suna so ne amma ba sa so. A Agustan 2019 aka buɗe World of Warcraft Classic, wato tsohon wasan, layin shiga ya ƙi ƙarewa. Wani lokacin abin da muka ce muna so, shi ɗin muke so.

Alƙalin_Wasa:
Kuma ku lura, a Classic mutane sun nemi a bar wasu tsofaffin kurakuran yadda suke, don sun saba da su.

Mai_Garkuwa:
To bari in sauko kaɗan, ba don na yarda da ku ba. A bar shekara. Faci ɗaya tak kafin babin, wanda ba sabon doki, ba sabuwar riga a shagon kuɗi, gyara zalla, da jerin abin da aka gyara a rubuce. Kun lura shagon kuɗi bai taɓa maƙalewa ba? Ranar da ya samu tangarɗa kafin magariba an gyara.

Injiniya_B:
Shagon ya fi dodo sauƙin rubutu nesa ba kusa ba. Amma eh, abin da ke kawo kuɗi shi ke hawa saman jeri, ba zan musa ba.

Shiru_Shiru:
Magana ɗaya suke ji. Kada kowa ya biya kuɗin babin tun kafin ya fito. A jira mako biyu, a ga abin da masu shiga da wuri suka tarar.

Zakanya:
Da sauƙin faɗa. Rundunar da ta jira mako biyu ta rasa masu warkarwarta, wasu sun ɗauke su. Ni zan saya, kuma zan ci gaba da ƙorafi, ban ga inda biyun suka ci karo ba.

Mai_Garkuwa:
Sun ci karo mana. Kin biya, me zai sa su saurare ki?

Kibiya_07:
Yaya, in ajiye maka wuri a layi ko kuwa?

Injiniya_B:
Kafin ku cinye juna: an ce za a buɗe sabar gwaji kafin fitowar. Wanda ke da bidiyon dodon nan yana shiga bango ya turo mini, musamman daƙiƙun da suka gabaci shigar. Ina zargin dukan da ke tura shi baya ne idan yana kusa da kusurwar hagu, amma ina so in gani daga mutum fiye da ɗaya kafin in rubuta musu. @Mai_Garkuwa kai ma turo lissafin faɗan garkuwar, da ita da kuma ba ita, a kan dodo iri ɗaya.

Zakanya:
Ina da guda biyu, amma a ɗayan a dama ya shige, ba hagu ba.